Damina na tafe: me za mu gyara a gida tun yara ba su kwanta ba?

Maman Tagwaye (Garin Malam):
Salamu alaikum mutanen zaure, ina kwananku, ina zafi? Hadari ya fara leƙowa ta gabas, manoma na sharar gona, ni kuwa hankalina yana kan abin da ke biyo ruwa a garin nan. Daga watan takwas zuwa na goma gidajen likita cika suke da yara har gado ya yi kaɗan: masassara, zawo, ƙarancin jini. Ba baƙuwar cuta ba ce, mun san watan zuwanta, mun san waɗanda take fara kayarwa, amma sai ta shigo ɗaki muke tashi tsaye. Baba Majo, Inna Ungozoma da sauran masu sani, don Allah ku faɗa mana abin da gida zai iya yi da hannunsa tun yanzu. Maganar gwamnati a ajiye ta gefe tukuna, abin da ni da maigidana za mu iya nake tambaya.

Baba Majo mai ritaya (Sabon Gari):
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, kin ta da magana a kan kari. Bari in fara da sauro, don ba kowane sauro ke sa masassara ba. Wanda ke fitowa daga kwata da masai yana kuka a kunne, yawancin aikinsa hana barci ne. Mai ɗauke da cutar macen wani iri ce da ake kira anofel. Cikin dare take cizo, kuma ba ruwan ƙazanta ta fi so ba. Ruwan sama da ya kwanta a fili rana na dukansa, shi ne nata: sawun tayar mota, sawun shanu, ramin da aka haƙa don buga bulo, ɗan gurbin bayan katanga. Da zafin garinmu, kamar kwana 10 sun isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. Wanda ta ciza kuma ba ranar yake kwantawa ba, sai bayan mako ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ruwa ke ƙarfi a watan takwas, ciwo kuma ya yi ƙamari a watan tara da na goma.

Duk gurbin da ke riƙe ruwa a ƙofar gida a cike shi da ƙasa tun yanzu. Amma gaskiya babu mai iya cike guraben Damagaram duka, don haka babban makami shi ne sange. Kowa a ciki, kowane dare, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. In sange bai isa mutanen gida ba, mai ciki da ƙananan yara su ne farko.

Ɗan Kabu-kabu (Kara-Kara):
Baba, da girmanka, wa zai shiga sange cikin zafin nan? Kuran ba ya tsayawa, ɗaki ba ya shiguwa, tsakar gida muke kwana ni da iyali. Kowa ya iya cewa rigakafi ya fi magani, amma mai faɗi ya zo ya kwana ɗakin kwano a watan biyar ya gani.

Hajiya (Birni):
Ɗana, mu ma a waje muke kwana, kuma cikin sange. Itace huɗu ne, a kafa a tsakar gida, ko a ɗaura igiya daga katanga zuwa rumfa. A waje ma ya fi daɗi don iska na ratsa shi. Ni abin da na ga yana korar mutane daga sange shi ne zafin fuska da ƙaiƙayi in sabo ne.

Baba Majo mai ritaya (Sabon Gari):
Gaskiyarki Hajiya. Maganin da aka sa a zaren ne ke yin haka. In aka fidda shi daga leda a shanya shi a inuwa yini ɗaya da kwana ɗaya kafin a shiga, a inuwa na ce, ba a rana ba. In ya yi datti a wanke da sabulu na gari, kar a sa jabel, kar a murza da ƙarfi, a sake shanyawa a inuwa. Yana kai wajen shekara 3 in an kula da shi. In ya huje a ɗinke, allura da zare ne kawai. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga sabon sange an kewaye shukar zogale da shi don awaki, yaran gidan kuwa suna kwance a fili.

Inna Ungozoma (Zango):
Ina wuninku. Ni maganar maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina zan yi, wanda ma'aikata ke ce wa CPS. Tun 2013 aka fara shi a ƙasar nan, Magarya ma na cikin wuraren farko. Na yara ne daga wata 3 har su kusa cika shekara 5, wata-wata, daga watan bakwai zuwa na goma. Ku saurara da kyau ƴaƴana, don nan ne ake ɓata aikin. Maganin na kwana 3 ne. Ranar farko masu rabo ke ba yaro ƙwaya biyu a gabansu, sai su bar wa uwa sauran biyu, ɗaya gobe ɗaya jibi. Da yawa ba sa ba da na gobe da na jibi. Wata ta manta, wata ta ɓoye wai sai ranar da yaro ya yi zazzaɓi, wata ta raba wa babban wansa. Wanda bai shanye na kwana ukun ba bai samu kariyar watan yadda ta kamata ba, kuma ƙwayar da aka ɓoye ba ta warkar da yaron da ya riga ya kamu. A ajiye katin, a tabbata an cika kowane zagaye.

Amarya (Tudun Jamus):
Inna, nawa in an ba shi amayarwa yake yi. Sai na ji tsoro in ƙara.

Inna Ungozoma (Zango):
Kar ki ji tsoro ɗiyata, yana faruwa. Ki zaunar da shi a cinya, ki narka ƙwayar da ɗan ruwa kaɗan a cokali, ki ba shi a hankali, kar a danne shi a toshe hanci a ɗura. In ya amayar cikin minti 30 da sha, ki gaya wa masu rabon, akwai wadda ake sake ba shi bayan ya ɗan huta. In kuwa ranar rabon jikinsa da zafi, ki faɗa musu kar ki ɓoye, shi gwaji yake buƙata. Haka in ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan shan wani magani, ko yana kan wani magani yanzu, su sani kafin su ba shi. Ke kuma in kina da ciki ki je awo da wuri. Akwai ƙwaya uku da ake ba mai ciki ta haɗiye a gaban ma'aikaciya da zarar ciki ya wuce wata 3, ana maimaitawa a awo na gaba. Masassara ga mai ciki tana shanye jini, tana sa a haifi jariri ƙarami.

Malamin Lakwal (Mirya):
Jama'a ku gafarce ni, zan karkata maganar. Sange da ƙwaya duk na yarda. Amma zawo fa? Kullum a rediyo tsafta, tsafta, wanke hannu. Da wane ruwa? Garin Zinder a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta ba da abin kirki, ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, daga Gogo-Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926, kuma har yau unguwanni na yin kwanaki famfo bai ɗiga ba. Matar da ta sayi bidon biyu wurin ga-ruwa don sha da dahuwa da alwala, ka ce ta wanke hannun yara shida da sabulu sau biyar a yini, anya ba mu ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba?

Ɗan Kabu-kabu (Kara-Kara):
Yawwa Malam! Abin da nake faɗi ke nan.

Maman Tagwaye (Garin Malam):
Malam, ban musa maka ba, ni ma bidon nake saye, kuma da bazara kuɗinsa tashi yake. Amma ka lura da wani abu: ruwan da muke wanke hannu a kwano ɗaya, mutum takwas kowa ya tsoma, ya fi wanda buta za ta ci yawa. Buta ɗaya, wani na zubawa a hankali, ta isa yaran gida duka kafin cin tuwo. Ruwan da ya zuba a tara a roba a yayyafa wa tsakar gida. In babu sabulu akwai toka a murhu. Sannan lokutan da suka fi muhimmanci ba su da yawa: bayan fitowa daga bayi, bayan wanke wa yaro kashi, kafin dama fura ko ba yaro abinci. Ni a ganina ba yawan ruwan ne kaɗai matsalar ba, yadda muke ajiye shi ma na ciki. Ruwa ya fito famfo da kyau, ya shiga bidon da ba a taɓa wanke cikinsa ba, ya shiga randa a buɗe, moɗa na yashe a ƙasa, yaro ya ɗauka ya tsoma har da hannunsa.

Ɗaliba mai karatun jinya:
Mama ta faɗi daidai. In ƙara da abin da ake koya mana. Randar sha ta zama daban, da murfi, moɗarta mai dogon mariƙi a rataye. In ruwan na rijiya ne ko na ga-ruwa da ba a san inda ya ɗebo ba, akwai ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs, wadda aka yi don bidon mai lita 20, a jefa a jira minti 30 kafin a sha. In ruwan ya yi duhu da laka a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle tukuna, don ƙwayar ba ta aiki sosai cikin laka. Jabel ma na yi, sai dai ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, a nuna wa ma'aikacin lafiya ya faɗi adadin ɗigon. Masu tarar ruwan indararo kuma, na farkon zubowa a bar shi ya wuce, ƙurar bazara ce da kashin tsuntsaye da na ƙadangare.

In zawon ya riga ya zo, ƙwayar tsayar da zawo ba ita ce magani ba. Abin da ke kashe yaro ƙarewar ruwan jiki ne. Fakitin gishirin zawo ɗaya a lita 1 na ruwa mai kyau, ana ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, in ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. In dare ne babu fakiti: lita 1, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin nan na gishiri. Kar gishirin ya wuce haka. Kuma kar a daina ba da nono ko abinci.

Malamin Lakwal (Mirya):
Na karɓi maganar buta da murfin randa, waɗannan ba sa cin kuɗi. Amma ina nan kan bakata cewa mu daina zargin uwaye kaɗai. Gidan da babu masai, yara na kashi a bayan katanga, ruwan farko ya kwashe ya kai tapki da bakin rijiya, wannan aikin maigida ne da mai unguwa.

Ɗan Kabu-kabu (Kara-Kara):
To tunda ana faɗin gaskiya, bari in faɗi tawa. Kuna ta cewa a je likita. An ce tun 2006 yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba shi. Ni na kai ɗana wani gidan likita, muka yini a layi, aka duba shi, aka ce maganin ya ƙare, aka miƙo mini ordonas in je farmasi. Na rasa aikin yini, na kuma biya jikkuna. Mai tallar magani kuwa har ƙofar gida yake zuwa, ya ba ka na kuɗin da ke aljihunka, ƙwaya biyu ko uku, wani lokaci har bashi. Ku gaya mini don me talaka ba zai saya ba.

Baba Majo mai ritaya (Sabon Gari):
Ɗana, abin da ka faɗa ba ƙarya ba ne. Na yi aiki na ga ranakun da kantar magani ke zama wayam, kuma na san zafin miƙa wa uba takarda alhali na san aljihunsa. Ba zan kare wannan ba. Amma ka saurare ni a kan tiren mai talla.

Na ɗaya, shi bai san abin da ke damun ɗanka ba, kai ma ba ka sani ba. Zafin jiki na iya zama masassarar sauro, na iya zama ciwon huhu, ko kunne, ko sanƙarau, ko ƙyanda. Gwajin ɗigon jini a yatsa minti 15 zuwa 20 ne, shi ke rabewa. Na biyu, maganin masassara na gaskiya irin su Coartem sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, gwargwadon nauyin yaro, tare da nono ko abinci mai ɗan maiƙo. Ƙwaya biyu da ya tsinko maka za su rage ƙwayar cutar, jiki ya yi sanyi, ka ce an warke, bayan kwanaki ta dawo ta iske yaron da jini kaɗan. Na uku, yawancin magungunan nan an rubuta a kwalinsu kar su wuce zafin digiri 30. Garinmu na wuce 40 a watan huɗu da na biyar, shi kuma yana yawo da su a ka tun safe. Ko na gaskiya ne ya lalace, balle ana cakuɗa jabu a ciki. Sannan abin da ya fi ba ni tsoro: farasitamol na sauke zafin jiki amma ba ya taɓa cutar. Uwa ta ga zafi ya sauka ta kwantar da hankali, kwana biyu su wuce, na uku a kawo mana yaro yana jijjiga, tafin hannunsa fari fat, ana neman wanda zai ba da jini.

Ko da za a rubuta maka ordonas, ka je a gwada. Ka nemi a rubuta maka jenerik, wato maganin da ba ya ɗauke da sunan kasuwa na kamfani, ya fi araha kuma aikinsu ɗaya. Kuɗin ranar farko bai kai rabin na ranar da za a kwantar da ku ba.

Hajiya (Birni):
Majo, ni fa ba zan bar ku ku zubar da na gargajiya duka ba. Da ganyen dogon yaro da surace aka rene mu, ga mu nan da jikoki.

Baba Majo mai ritaya (Sabon Gari):
Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya. Ke da ni mun sha cizon sauro shekara da shekaru, jikinmu ya saba, masassara na kama mu ta sake mu. Ɗan wata goma bai da wannan, cikin yini ɗaya tana iya hawa masa kai. Kuma ki tuna a gidajen da aka rene mu, ƴaƴa nawa aka haifa, nawa suka girma. Babba ya yi suracensa in yana jin daɗin jiki da shi, ban hana ba, amma ya je gwaji. Yaro kuwa kar a jira a ga aikin jiƙo.

Inna Ungozoma (Zango):
Yaya Hajiya, ki taya ni da kakanni ƴan uwanmu, don maganarmu ce ake ji a ɗakin mai jego. Jariri har wata 6 nono kaɗai, ko ruwa ba ya buƙata ko da bazara ce, don nonon kansa yawancinsa ruwa ne. Uwar ce za a ba ta sha ta ƙoshi. Ɗurin bauri da jiƙe-jiƙe da ruwan randa su ne ƙofar zawo ga jariri. Sai maganar beli. Yaro na amai da zawo, ya rame, a ce beli ne, a kira wanzami ya yanke. Yaron da dama jininsa ya yi ƙasa, an ƙara zubar masa da wani, makogwaro ya yi ciwo ya ƙi kama nono. Na ga ƙarshen irin wannan da idona, ba na fatan wata uwa ta gani.

Bayan wata 6 kuma kar a tsaya kan kunun gero tsura. Damina ce lokacin da rumbu ke ƙasa, tamowa da masassara tare suke tafiya. A daka ƙuli-ƙuli ko wake a zuba a kunu, garin zogale, kuka, ɗan mai, ƙwai in an samu. Akwai ɗan ma'aunin dantse mai launi uku da ake ba uwaye, a ƙasar Mirya aka gwada koya wa mata aiki da shi aka ga sun iya. Kore lafiya, rawaya a je likita, ja a tafi ranar. In ƙafafu biyu sun kumbura ma a tafi ranar.

Hajiya (Birni):
Maganar beli na yarda da ke, ni ma na hana a gidana. Na ruwa dai zan sha fama da kishiyoyin tsufana, amma zan faɗa.

Matar Ɗan Ci-rani (Magarya):
Ina gaida iyaye. Ina karantawa tun ɗazu, akwai abin da ba a taɓo ba, kuma mu a ƙauye shi ke cin mu. Sau da yawa uwa ta san yaron na buƙatar likita tun daren farko. Amma maigida na gona mai nisa, ko yana Libiya, ko Aljeriya, ko Kano. Ba ta da izinin fita, ba ta da ko dala a hannu, waya ba ta shiga. Ta je wurin uwar miji a ce a bari a gani zuwa gobe. Gobe a ce haƙori ne yake fiddawa. Ranar da kowa ya yarda a tafi, tapki ya cika ya yanke hanya, amalanke ce kaɗai za ta wuce. In an isa likita kuma ita za a yi wa faɗa a ce me ya sa ta zauna da shi. Ku gaya wa mazan zauren nan, mu in mun faɗa sai a ce rashin kunya.

Liman na unguwa:
Ɗiyata, babu rashin kunya a nan, gaskiya kika faɗa. Neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma lafiyar iyali amana ce a wuyan maigida. Ina kira ga maza: kafin ka tafi gona ko ci-rani, ka faɗa da bakinka a gaban mahaifiyarka da ƙaninka cewa duk lokacin da yaro ya yi zafin jiki, dare ko rana, matarka ta tafi likita ba sai an neme ka ba. Izini ɗaya ya isa damina duka. Ka bar mata wani abu a ƙulle wanda ba na cefane ba. In sha Allahu zan saka wannan cikin wa'azin bayan Magariba a makon nan.

Baba Majo mai ritaya (Sabon Gari):
Allah ya saka da alheri Malam. Wannan ita ce maganar da ta fi duk wadda na yi. Zafin jiki ga yaro, kar ya wuce awa 24 ba a gwada ba. Alamomin da ba a jiran safiya kuwa: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, amayar da duk abin da ya shiga, barcin da ba a iya tada shi, numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, tafin hannu da cikin ido su yi fari, wuya ya sanƙare, maɗiga ta faɗa ko ta kumbura. In yaro na jijjiga a kwantar da shi a gefe, kar a cusa masa cokali a baki, kar a ɗura komai, kar a tsaya hayaƙi, a tafi. A ɗauki karnen rigakafi a tafi da shi. Kuma tun yanzu a buɗe karnen a duba allurar da ta rage. Ba mu manta sanƙarau na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 a jihar nan ba, mutum 559 da rasuwa 18 a ƙidayar Hukumar Lafiya ta Duniya cikin wata uku, ga kuma mashaƙo da ya addabi Matamaye a 2023.

Ɗan Kabu-kabu (Kara-Kara):
Baba, har yanzu ina ganin sai an gyara maganar ƙarewar magani, in ba haka ba masu tire ba za su rasa ciniki ba. Amma maganar dare na ɗauka. Mu ƴan kabu-kabu mun san matan da ke tsaye bakin hanya ƙarfe biyu na dare da yaro a kafaɗa. Ni dai a unguwarmu, duk wadda ta buga mini ƙofa don yaro zan kai ta, kuɗin mai in ya samu daga baya. Zan yi wa abokan tasharmu magana kowa ya ba maƙwabtansa lambarsa.

Magini (Birni):
Kafin a watse, ni ba likita ba ne amma damina na kawo mini nawa marasa lafiyar, wato katangu. Kowa ya ga tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa tun ƙarni na 19, ruwan watan tara na 2024 ya kai shi ƙasa. Gini ba daga sama yake fara mutuwa ba, daga gindi ne, inda ruwa ke kwanciya yana cin tushe. Yanzu ne lokacin yaɓe, tun ƙasa na bushewa. A hau soro a share, a buɗe indararo, a ƙara masa tsawo don kar ya riƙa zuba a jikin bango. A tara ƙasa a gindin katanga ta gangara waje. Tsagar da hannu ke shiga ba ta yaɓe ba ce, a rushe wurin a sake. In ruwa ya kwana yana zuba kuma ɗaki ya fara zubar da ƙasa ko azara na ƙara, a fidda yara, kar a tsaya kwashe kaya. Wayar kuran da aka ja ta bi ta kan kwano ko ta ƙasa a ɗaga ta tun yanzu.

Malamin Lakwal (Mirya):
Ka tuna mini da ramukan bulo. In sun cika yara ba sa gane zurfinsu, kuma lokacin hutun lakwal ne, suna yawo ba mai kula. Ban da nutsewa, wankan tapki ne ke kawo tsargiya, daga ƴan dodon koɗin da ke cikin ruwan take fitowa ta shiga ta fata. Yaro na fitsarin jini a ce alamar girma ce, alhali cuta ce mai cin mafitsara, kuma tana da ƙwayar da ake rabawa a lakwal. Iyaye ku bari a ba su, ku tabbata sun ci abinci kafin su sha.

Amarya (Tudun Jamus):
Baba Majo, tambaya ta ƙarshe. Na ji an fara allurar rigakafin masassara. In an yi wa yaro sai a bar sange da ƙwayar wata-wata?

Baba Majo mai ritaya (Sabon Gari):
A'a ɗiyata. An ƙaddamar da ita a Gaya a watan tara na 2024. Tana rage masassara mai tsanani, amma ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, kuma sau 4 ake yin ta kafin ta cika. Tare suke aiki da sange da ƙwayar damina. In kin je awon nauyin yaro ki tambayi majon wurinku ko watanninsa sun kai.

Mai kula da zaure:
Masu unguwar Garin Malam da Zango da suka yi maganar gayya ta waya: Asabar bayan sallar Asuba, a haɗu a bakin babbar kwata. Mai shebur ya zo da shebur, mai baro ya zo da baro, muna neman amalanke biyu don kwasar shara da jigilar ƙasar cike gurabe. Magini ya ce zai zagaya gidajen zawarawa da tsofaffi ya duba katangu kyauta, a rubuto mini gidajen kafin Juma'a. Wanda yaro zai taya shi aiki ya sa masa takalmi, akwai fasassun kwalabe a cikin kwatar.